Wa Ke Riƙe da Mai Ciwon Suga Bayan Ya Fito Daga Asibiti?

Shekara tana da awa 8,760. A ce mai ciwon suga daga Kiyawa ko Jahun ya yi ƙoƙari ƙwarai, bai tsallake ranar ganin likita ko ɗaya ba, ya shigo Dutse sau huɗu a shekara, kowane zuwa aka ba shi minti goma sha biyar a gaban likita. Awa ɗaya ke nan cif. Sauran awa 8,759 fa, wa ke tare da shi? Wa ke wurin sa'ad da aka ajiye masa malmala uku ta tuwon masara da daddare, ko aka miƙo masa lemon kwalba a wurin ɗaurin aure, ko ya farka tsakar dare jiki na kyarma, gumi na tsattsafo masa? Likita yana gidansa yana barci, kuma haƙƙinsa ne ya yi barcin.

Duk sa'ad da aka ta da maganar haɗa masu ciwon suga su riƙa zama suna koya wa juna yadda za su zauna da cutar, sai ra'ayi ya rabu. Wasu ma'aikatan lafiya su ce makaho ne za a ba jagorancin makaho. Wasu marasa lafiyan su ce hira ba ta sayen magani. Wasu kuma su ce Bahaushe ba ya kai ciwonsa dandali. Duk na ji, kuma kowanne yana da ƙanshin gaskiya. Amma ni matsayina shi ne: ya kamata kowane asibitin da ke duba masu suga a tsakiyar Jigawa, daga asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni da babban asibitin Dutse zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ya zaɓi wasu daga cikin marasa lafiyarsa waɗanda suka daɗe da cutar kuma suka iya riƙe ta, ya horar da su, ya ja musu layin da ba za su tsallake ba, ya mayar da su unguwanni da ƙauyuka su riƙe 'yan uwansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kafin a ce mini wannan sabon abu ne mai haɗari, a fara zuwa a zauna a kan bencin jira ranar da ake ganin masu suga. Shawarar da ake tsoro tuni ake ba da ita. Kafin layi ya kai kan mutum, na kusa da shi ya riga ya gaya masa ya daina tuwon gero ya koma na alkama. Wata Hajiya ta rubuta wa wata sunan mai maganin da ya "warkar" da ƙanwar kishiyarta. Wani ya ce zuma ba ta ɗaga suga tunda daga Allah take. Wani ya rantse cewa allurar insulin ita ce tashar ƙarshe, duk wanda aka fara yi wa sai kabari. A fita daga asibiti a gangara kasuwar Shuwarin, ga mai mota da lasifika yana tallar jarka ɗaya da ke maganin suga da basir da hawan jini da sanyin mara gaba ɗaya. To ina zancen hana mara lafiya karɓar shawara daga wanda ba likita ba? Wannan ƙofar a buɗe take tun tuni. Abin da ya rage mana mu zaɓa shi ne irin bakin da shawarar za ta fito daga cikinsa, wanda aka koya masa ko wanda ke da jarka zai sayar.

Girman abin ma ya isa ya sa a daina mafarkin cewa likitoci su kaɗai za su iya. Ƙididdigar da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar a 2021 ta ce manya miliyan 537 ne ke da cutar a duniya, miliyan 24 daga ciki a yankin Afirka, kuma ana hasashen na Afirka za su kai miliyan 55 nan da 2045. Najeriya an sa mata kusan miliyan 3.6. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne fiye da rabin masu cutar a Afirka ba su ma san suna da ita ba. Sai ƙafa ta yi gyambo ya ƙi warkewa, ko ido ya fara dishi-dishi, ko ƙoda ta gaza, sannan a gano. Likita nawa muke da su a Gwaram da Buji da Miga? Nawa ne daga cikinsu ke shirin haɗa kayansu su tafi Saudiyya ko Ingila? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ballantana hannun da ya gaji.

Bari in fara da masu cewa makaho zai ja makaho, domin tsoronsu ba na banza ba ne. Ciwon suga ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya fi kama yara da matasa, inda jiki ya daina yin insulin baki ɗaya, mai shi ba shi da rayuwa sai da allura. Akwai wanda ya fi yawa, na manya, inda insulin ɗin yana nan amma jiki ba ya jin maganarsa, ana farawa da gyaran abinci da motsa jiki da ƙwayoyi irin su metformin. Akwai na masu juna biyu. Idan dattijon da ƙwaya ɗaya ta wadatar da shi ya ce wa yarinya mai nau'in farko ta ajiye allura ta yi yadda yake yi, zai iya kashe ta cikin 'yan kwanaki da kyakkyawar niyya. Saboda haka layin da za a ja a fili yake. Jagoran zama ba ya rubuta magani, ba ya ƙara wa kowa adadi ko ya rage, ba ya ba wani nasa maganin, ba ya tallar komai. Aikinsa ya taimaki mutum ya aikata abin da likita ya ce, ya kuma gane lokacin da abu ya fi ƙarfin zama, ya tura shi asibiti da wuri.

An kuma gwada wannan tsari, ba a nesa da mu ba. A Bamako ta Mali, ƙungiyar Santé Diabète ta horar da masu suga su koyar da 'yan uwansu, aka raba mutum 151 gida biyu aka bi su shekara guda. Akwai gwajin jini da likitoci ke kira HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan mutum na wata biyu zuwa uku, ba na safiya ɗaya ba, don haka ba a yi masa dabarar ƙin cin abinci daren jajiberin zuwa asibiti. A sakamakon da aka buga a 2018, waɗanda suka halarci zaman sun sauko da kusan maki ɗaya, sauran kuwa da ƙyar suka motsa. A Yawunde ta Kamaru, wani bincike da aka buga a 2015 ya haɗa taron wata-wata da ziyara da kiran waya na wata shida, masu abokan tallafi suka sauko da kusan maki uku, sauran suka sauko da ɗaya da 'yan kai. Maki ɗaya a wannan gwaji ba wasa ba ne, rata ce mai rage haɗarin makanta da lalacewar ƙoda.

Mai adawa da ya yi karatu zai ɗauko mini binciken ƙasar Ayalan, kuma yana da gaskiya. A can an bi mutum 395 na tsawon shekara biyu, aka buga sakamako a 2011, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba tsakanin masu zama da marasa zama. Ban ga dalilin ɓoye wannan ba, domin a ganina yana ƙarfafa hujjata ne. Mutumin Ayalan yana da likitan unguwa kusa da shi, da ma'aikaciyar jinya da ke bin kansa, da magani a hannu, sugansa kuma tun farko bai yi nisa ba. Me zaman zai ƙara masa? Inda tsarin ya yi tasiri shi ne inda giɓi ya fi faɗi, inda suga ta haye kuma babu mai yi wa mutum bayani. Wa ya fi kama da mutumin Jahun, na Bamako ko na Ayalan?

Ga abin da ɗan uwa mai cutar ya sani wanda ba ya cikin takardar magani. Likita zai ce a rage abinci mai sitaci. Daidai ne. Amma magidancin da ke ciyayya a ƙofar gida da maƙwabtansa, kowa ya fito da kwanonsa an zauna hannu baka hannu ƙwarya, ta yaya zai rage? Idan ya tsame hannu da wuri a ce fushi yake ko raini. Idan ya kawo nasa daban a ce ya fara girman kai. Wanda ya shekara goma cikin wannan hali shi zai ce masa: "Malam, kada ka bar ciyayya. Ka sa a yawaita maka miyar kuka ko kuɓewa ko zogale, ka fara da ganye, ka ci tuwon daidai dunƙulen hannunka, ka ci a hankali yadda za ku tashi tare, in an tashi ka taka zuwa masallacin nesa, ba na kusa ba." Wannan shawara babu abin da ta saɓa wa likita. Fassara ce ta maganar likita zuwa rayuwar ƙofar gida, kuma sai wanda ya zauna a tabarmar zai iya yin ta.

Maganar alkama kuwa ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. An cusa wa mutane cewa ita ce abincin masu suga, har talaka ya sayar da geronsa ya sayo ta da tsada, ya zauna ya cika ciki da ita hankali kwance. Alhali garin alkama da aka niƙa luƙui yana ɗaga suga kusan kamar kowane tuwo. Abin lura shi ne yawan abin da aka ci, da abin da aka haɗa shi da shi, da ko an surfe hatsin ƙwarai ko an bar masa dusarsa. Gero da dawa da muke nomawa, in ba a surfe su tas ba, ba abokan gaba ba ne. Wake da alale da ƙosai da kwaɗon zogale da rama suna riƙe ciki ba tare da sun harba suga sama da sauri ba. Inda ɓarnar take, kuma ba a cika son a faɗa ba, ita ce teburin mai shayi da safe, kofi cike da madarar gwangwani mai zaƙi da suga cokali uku da rabin burodi, sai lemon kwalba da rana, sai furar da aka dama da suga, sai zoɓo da kunun zaƙi. Mutum ya kauce wa gero ya rungumi waɗannan, sannan ya ce magani ba ya aiki.

Kuma wa ke girkin? Yawancin magidanta ba su san hanyar madafa ba. Zaman da aka yi da maigida ba a yi da uwargida ba, rabin zama ne. A gidan da mata ke karɓar girki bi da bi, sai kowacce ta ji bayanin, in ba haka ba kwana biyu suga ta sauka kwana biyu ta hau, a rasa dalili. Idan kuma matar ce ke da cutar, abin ya fi wuya, domin ita ke dafa wa kowa, ita ke ɗanɗana kunu, kuma ba kowane miji ne zai yarda a canza tukunyar gida saboda ita ba. Matar da ke cikin kulle, ina za ta yi tafiyar minti talatin da likita ya ce? Wata 'yar uwarta da ta riga ta ita za ta nuna mata cewa zagayen tsakar gida bayan cin abinci, da daka, da shara, duk motsa jiki ne in an lazimce su. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Akwai wani ɗan ruɗani da ke wahalar da mutane, wanda bayanin minti biyar zai warware. Awon suga ma'auni biyu gare shi. Wani ɗakin gwaji zai rubuta wa mutum 7, na'urar ɗan kyamis ta nuna masa 126, ya ɗauka suga ta ninka sau goma sha takwas cikin kwana ɗaya, ya firgita. Alhali lamba ɗaya ce, ana ninka ta farko da 18 ne a samu ta biyu. Wannan 7 ko 126, in aka same ta kafin karin kumallo kuma aka maimaita, ita ce iyakar da ake cewa mutum yana da ciwon suga. Ƙasa da 70, wato 3.9, suga ta faɗi. Mutane sun fi tsoron hawan suga, amma faɗuwarta ita ke kayar da mutum nan take, musamman mai allura ko mai shan glibenclamide da ya sha magani bai ci abinci ba ya tafi gona. Jiki ya ɗau rawa, gumi, yunwa mai tsanani, magana ta rikice, wani ya fara faɗa ko surutai. Sau nawa aka ce iska ce, aka ɗauko turare da mai ruƙiyya, alhali cokali ɗaya babba na suga a ruwa ake bukata, a jira minti goma sha biyar a sake gwadawa? Idan kuma ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, sai a kwantar da shi ta gefe a nemi mota. Wannan ilimi ba mara lafiya kaɗai ke bukatarsa ba, har matarsa da yaron shagonsa da abokin tafiyarsa gona.

Ƙafa ma haka. Suga mai daɗewa tana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙaya ko ƙusa bai sani ba, ko ya miƙa ƙafa kusa da garwashi da hunturu ta ƙone bai ji ba. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Faso ɗaya a dunduniya, aka shafa masa toka ko aka kai wa wanzami ya tsaga, ya koma gyambo, sai a zo asibiti lokacin da ba abin da ya rage sai yanka. Daga nan labari ya bazu cewa asibiti yanke ƙafa suke yi, na gaba ya ƙi zuwa har tasa ta ruɓe, a sake yankewa, labari ya ƙara ƙarfi. Wa zai karya wannan zagaye in ba wanda ya je da wuri ya dawo da ƙafarsa biyu ba? Mu kuwa muna da abin da wasu al'ummai ba su da shi, muna wanke ƙafa sau biyar a rana. A koya wa mutum ya mayar da alwala lokacin duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ya tsane su, ya daina yawo ba takalmi, ya zazzage takalmin kafin ya sa.

Sai azumi, inda ba na jin akwai wanda zai iya aikin nan kamar ɗan uwa mai cutar. Wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Musulmi 13 a 2001 ya nuna kusan kashi 79 cikin ɗari na masu nau'in manya da kashi 43 na masu nau'in farko sun yi azumin aƙalla kwana goma sha biyar, kuma faɗuwar suga mai kai mutum asibiti ta ninka sau da yawa a watan. Mutanenmu za su yi azumi, ko likita ya so ko bai so ba, da yawa ma ba za su gaya masa ba. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Sharja a 2009, ta kasa masu suga rukuni-rukuni gwargwadon haɗari, ta bayyana waɗanda bai kamata su yi azumi ba. Ƙa'idojin da likitoci suka tsara tare da malamai sun ce tsira yatsa a gwada suga ba ya karya azumi, kuma wanda ya ga ƙasa da 70 ko sama da 300 ya sha ruwa nan take, ko da saura minti goma a kira magariba. Amma dattijon da bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa, kunya ke hana shi. Ɗan likita sa'ar jikansa ya ce masa ya sha, zai ce to, ya fita ya ci gaba. Amma Alhaji sa'arsa, wanda ake gani a sahun farko, ya dafa shi ya ce: "Ni ma bara na sha uku, na rama da sanyi," nan take nauyin ya sauka. Ga kuma buɗa-baki. Dutse garin dabino ne, har cibiyar binciken dabino ta tarayya tana nan, ba mai raba mu da shi. Sai dai busasshen dabino kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa suga ne. Ɗaya ko biyu a cika sunna, ba cikin tafi ba, kuma ba a bi shi da kunun zaƙi da lemo da fanke ba. Gyaran lokacin shan magani kuwa na likita ne, a je masa tun cikin Sha'aban.

Game da ajiyar insulin, Dutse na da abin alfahari da ban ga ana haɗa shi da wannan cuta yadda ya kamata ba. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jigawa, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan yana tafiya da zafi yayin da yake bushewa. Ya yi ta ne don gauta da tumatir da alayyafo, ta kuma jawo masa kyautar Rolex a 2000. Tun da Banting da Best suka gano insulin a Toronto a 1921, matsalarta a ƙasashe irin namu ita ce zafi, kuma a nan watan Afrilu yakan haura digiri 40, wutar lantarki kuwa kowa ya san halinta. Wani bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba, da aka buga a 2021, ya nuna kwalbar da aka fara amfani da ita tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai da komo tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin 'yan gudun hijira na Dagahale a Kenya. Namu zafin yakan wuce haka, shi ya sa tukunyar ke da amfani, a sa kwalbar cikin abu mai murfi don kada ta jiƙe, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Mutum nawa ne a ƙauyukan Buji aka hana su allura, ko suka hana kansu, don ba su da firji? Wannan abu ne da mai cutar zai nuna wa ɗan uwansa da hannu, gani ya kori ji.

Yanzu ga hujjar da ta fi ƙarfi, wadda ba zan iya ture ta gaba ɗaya ba: hira ba ta sayen magani. Tun daga tsakiyar 2023, da aka janye tallafin mai aka saki Naira, kuɗin magani da na mota suka tashi tare. Kamfanonin GSK da Sanofi suka sanar a shekarar cewa za su daina sayar da kayansu kai tsaye a Najeriya. Mai allura ya fara rage adadi don kwalba ta kai ƙarshen wata. Mai na'urar gwaji ya jefa ta a akwati don tsinken gwajin ya fi ƙarfinsa. Ga irin wannan mutum, ce masa ya zo zama kamar ba'a ce. Ina kuma jin tsoron ranar da wani jami'i zai ga wannan tsari yana da arha, ya rungume shi, ya ɗauki hoto, ya ce an magance ciwon suga. Idan babu magani a kanta, zaman ba abin da zai zama sai taron jaje.

Amma ko a nan mutum goma sun fi mutum ɗaya. Mutanen da suka iya adashe ba sai an koya musu haɗa kuɗi su sayi na'ura ɗaya da gwangwanin tsinke a farashin sari ba, da sharaɗin kowa da allurar tsira yatsarsa, ba a aro, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan jini. A lardin Tete na Mozambik, tun 2008 masu ƙanjamau suka riƙa haɗuwa kamar shida-shida, kowane wata mutum ɗaya ya je asibiti ya karɓo wa kowa magani, bi da bi. Me zai hana masu suga na Gwaram waɗanda sugansu ya daidaita su yi haka, da amincewar asibiti, kuɗin mota ya ragu? Sannan murya. Mara lafiya ɗaya roƙo yake yi. Ɗari biyu masu rajista da shugabanni tambaya suke yi. Su ne za su iya zuwa hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, JICHMA, su ce a nuna mana a rubuce abin da mai suga ke samu, insulin na ciki, tsinke nawa a wata? Su ne za su iya tambayar ina harajin Naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi, wanda dokar kuɗi ta 2021 ta kawo, yake tafiya, kuma nawa ne daga ciki ya dawo kan waɗanda zaƙin ya kwantar?

Maganar sirri kuwa, a yi mata adalci. Budurwa mai allura tana ɓoyewa don kada manema su gudu. Magidanci da cutar ta taɓa masa ƙarfin namiji ba zai faɗa a gaban mata ba, ko likita ma da ƙyar, sai ya bi ta wajen mai lasifika ya sayo abin da zai ƙarasa masa ƙoda. Matar da ke da kishiya ba ta son a ji tana da ciwon da ba ya warkewa. Wanda ya ce a tara su duka a zaure ɗaya da alluna da 'yan jarida bai san mutanensa ba. Zaman maza daban, na mata daban a cikin gida ko bayan darasin Islamiyya, na matasa da iyayen yara daban, kada ya wuce mutum goma zuwa goma sha biyu, abin da aka faɗa a ciki ya tsaya a ciki. Wanda ba ya son zama a haɗa shi da mutum ɗaya da za su riƙa waya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba a ce a yi wankan a bakin kasuwa ba. Masu ƙanjamau, waɗanda ƙyamar da aka nuna musu ta ninka wannan nesa ba kusa ba, sun kafa ƙungiyoyin tallafa wa juna a faɗin ƙasar nan sun riƙe su shekara da shekaru. Masu suga ne za su kasa?

Ga masu cewa a dogara ga Allah a sha habbatus sauda da hulba da garafuni da maɗaci, ba na faɗa da imanin kowa. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa mutum ya ajiye maganinsa don ya warke. Ɗaci ba ya wanke zaƙin jini don kawai shi ɗaci ne, kuma jiƙon da ba a san ƙarfinsa ba, in ya haɗu da ƙwaya, yana iya faɗar da suga ko ya wahalar da ƙoda. A zaman da nake nufi ba a korar mai shan jiƙo, domin in an kore shi ɓoyewa zai yi. Ce masa za a yi ya gaya wa likita abin da yake sha, kada ya daina ƙwayarsa, ya kuma zo a gwada shi a gaban kowa. Na'ura ba ta jin kunyar mai magani.

Kowace 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Banting, ana tattaki da riguna da gwajin kyauta, a gano sababbin masu suga a ba su takarda su je asibiti. Ranar 15 ga wata wa ke neman su? Abin da ake bukata bai kai kuɗin rigunan ba: ɗaki ko inuwa a harabar asibiti sau ɗaya a wata, ma'aikaciyar jinya ɗaya da aka ɗora wa alhakin zaman, lambarta a hannun jagorori, horon 'yan kwanaki cikin Hausa da ake sabuntawa, littafin da ake rubuta awon kowa da ranar komawarsa, da ɗan kuɗin mota da na kati ga jagoran. Wannan na ƙarshe kada a raina shi. Jagoran nan shi ma mara lafiya ne mai sayen magani, kuma aikin sa kai da ba a tallafa masa wata shida yake yi ya mutu. A sa shi a kasafin Ma'aikatar Lafiya ta jiha da sunansa da adadinsa, a fara da Dutse da Birnin Kudu da Jahun, a yi wa kowa gwajin HbA1c a farko, a sake bayan shekara, a buga sakamakon kowa ya gani.